Matan Oman da kasuwa: suna ga takarda, mabuɗi hannun wa?

Kowace ranar Laraba, tun da sanyin safiya, akwai wata kasuwa da ke ci a garin Ibra na ƙasar Oman, tafiyar kamar awa biyu da mota daga Maskat, babban birni. Mata ke kasa kaya, mata ke ciniki, namiji kuwa sai ya jira daga waje. Ana sayar da yadi da turare da kwalli da kayan jarirai, da kuma adon zare da matan ƙasar ke ɗinka ma ƙafar wando. Can kudu, a Salala, cikin jihar Zufar, mata ne ke zaune bayan tulin lubban da turaren wuta, suna faɗin daraja da farashin kowane iri ba tare da sun duba takarda ba. Itacen lubban ɗin nan ɗan'uwan hano ne na dajinmu, sai dai nasu ya yi suna tun zamanin ayari.

Na fara da waɗannan mata don kada mai karatu ya zaci gwamnati ce ta koya ma matan Oman saye da sayarwa. Sun iya tun kafin a buɗe ofishi. Abin da ya sake cikin shekaru hamsin da suka wuce shi ne matsayinsu gaban hukuma da gaban banki.

Lokacin da Sarki Ƙabus ya hau gado a 1970, makarantun gwamnati uku ne kacal a ƙasar baki ɗaya, kuma duka na ƴaƴa maza. Kuɗin man fetur suka gina makarantu, aka buɗe jami'a ta farko a 1986, har aka wayi gari ƴan mata sun fi samari yawa a manyan makarantu. To amma takardar shaida ba ta cin tuwo. Shekara da shekaru gwamnati ce uwar kowa, ita ke ɗaukar aiki, ita ke biyan albashi. Da masu neman aiki suka fi ƙarfin ofisoshi, sai matasa suka fito zanga-zanga a garin Suhar a 2011. Bayan shekara uku farashin mai ya faɗi. Ma'aikacin da ya ga lokacin da baitulmali ya daina ɗaukar sababbi ba ya bukatar a yi mishi dogon bayani.

Daga nan ne maganar ƙananan sana'o'i ta zama maganar fada. A farkon 2013 aka yi babban taro a Saih al-Shamikhat, aka kafa hukumar Riyada mai kula da ƙananan kamfanoni da asusun Raffd mai ba da rance, aka kuma yanke cewa kashi 10 bisa ɗari na kwangilolin gwamnati a ware ma ƙananan ƴan kasuwa. A 2020, da Sarki Haisam ya gaji sarauta, aka haɗe hukumar da asusun wuri guda, aka ɗora mace bisa shugabancinsu. Akwai kuma ranar 17 ga watan Oktoba, ranar matan Oman, wadda ake biki da jawabai da raba lambobin yabo. Biki ba laifi ba ne, amma ba shi ke biyan hayar kanti ba.

A ganina, dokar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce ta 2008, wadda ta ba mace dama ta nemi fili daga gwamnati da sunanta, kamar yadda namiji ke nema. Duk wanda ya taɓa shiga banki neman bashi ya san tambayar farko: mi za ka aje jingina? Macen da ke da takardar fili tana da amsa, ba sai ta roƙi miji ko wa ya sa mata hannu ba. Sai dai a 2021 an sake tsarin rabon filayen, an ƙara sharuɗɗa, ƙofar ba ta kai faɗin da take da shi a da ba.

Idan jaridun waje suka tashi yabon matan Oman, sunaye biyu ko uku suke maimaitawa: Hind Bahwan, wadda ta kafa kamfanin aikin kwamfuta Bahwan CyberTek a 1999, da Lujaina da Areej Darwish na gidan Mohsin Haider Darwish. Mata ne masu ƙwazo, babu mai musu. Amma ƴaƴan manyan gidajen fatauci ne, sun tashi sun iske jari da suna da amanar bankuna. Ba da su ake auna talaka ba. Ma'auni na gaskiya yana wurare irin Sidab, wata unguwar masunta kusa da Maskat, inda matan gari suka haɗa kai suna ɗinka jakunkuna suna sayar ma baƙi masu yawon buɗe ido. Yana kuma cikin ɗakunan da mata ke share makonni bisa hula guda, wadda suke kira kumma, alhali ta inji da ake shigowa da ita daga waje tana jiran mai saye a kasuwa da araha. Da yawa daga cikin irin waɗannan mata yanzu ba su da rumfa ko kaɗan: kantinsu wayar hannu ce, ta Instagram da WhatsApp suke tallar halawa da turare da abaya. Hukuma ta gane haka, ta fito da lasisin sana'ar gida mai sauƙin kuɗi, wanda ke ba mace damar yin ciniki a sarari ba tare da ta kama haya ba.

Ga inda gizo ke saƙa. A Oman, wajen mutum biyu cikin biyar baƙi ne, galibi daga Indiya da Bangaladash da Pakistan, kuma su ne ke tsaye bayan teburin kantuna da kekunan ɗinki. Da yake akwai sana'o'in da doka ta keɓe ma ƴan ƙasa, sai aka samo dabara: ɗan ƙasa, ko ƴar ƙasa, ya yi rajistar kamfani da sunanshi, baƙo ya zuba jari ya riƙe kanti, ƙarshen wata ya miƙa ma mai suna ɗan abin da suka shirya. Larabawan wurin suna kiran wannan ɓoyayyen ciniki. Sunan mata da na ƴaƴa mata yana da amfani ƙwarai ga wannan harka, musamman ga ma'aikacin da ba ya son a ga nashi sunan bisa takarda. Masu karatunmu na Maraɗi da Damagaram, ina jin ba sai na fassara ba.

Saboda haka duk lokacin da aka ce ga yawan kamfanonin da ke da sunan mata, ya kamata mutum ya tambaya: nawa ne daga ciki matar ta san farashin kayan da ke kan kanta? Ɓarnar ba ta tsaya ga lissafi ba. Macen da ta ci bashi da gaske, take buɗe kantinta da kanta, take biyan ma'aikata bisa doka, ita ce ke gasa da maƙwabcin da ya ari suna, wanda ke kwana cikin shago yana aiki dare da rana. Kuma ranar da baƙon ya tattara ya bar ƙasa da bashin mutane, wadda sunanta ke bisa rajista ita alƙali zai kira, ko da ba ta taɓa taka ƙofar kantin ba.

Hukumomi sun ɗauki hanya biyu. Ta farko ita ce katin Riyada, wanda ke buɗe ƙofar rangwame da kwangilolin gwamnati, amma ba a ba da shi sai ga wanda ya tsaya bisa sana'arshi da kanshi, ba ya cin albashi wani wuri. Wannan sharaɗi ya yi daidai, ko da yake yana da tsada ga malamar makarantar da ke son ta gwada kasuwa kafin ta saki albashinta. Ta biyu ita ce sanda: a 2023 ofishin ministan kasuwanci ya fito da ƙa'ida ta musamman kan ɓoyayyen ciniki, tarar farko riyal 5,000, wato sama da miliyan 7 na sefa, kuma tana ƙaruwa ga wanda ya sake. Cikin alamomin da masu bincike ke dubawa har da inda kuɗin ciniki ke shiga, ko asusun kamfani ne ko na wani mutum dabam, da kuma wanda aka danƙa ma ikon sa hannu a banki.