Kangon Maƙwabci Yana Da Masu Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana matasa, akwai wata ɓarna da ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu, kuma da yawan masu yin ta mutanen sahun gaba ne a masallaci. Mutum ya sami abin hannu a birni, ya je gida hutun Sallah, sai idonsa ya faɗa kan kangon da ke gefen gonar gandunsu. Katanga ta zube, azara ta karye, tumfafiya ta tsiro a tsakar gida. Mai gidan ya daɗe da rasuwa, ba a raba gado ba, maza sun tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, mata suna gidajen aure. Sai ya lalubo wanda talauci ya fi galabaitarwa cikin magada, ya danƙa masa kuɗi a ɓoye, kafin damina an rushe kango an haɗe shi da gona. Idan ka yi magana, sai a jero maka hujjoji guda uku.

Ta farko, wai raya matacciyar ƙasa ne. Subhanallah! Hadisin Nana A'isha a cikin Bukhari ya gindaya sharaɗi ƙarara, cewa ƙasar ta kasance ba ta kowa ba ce. Zubewar katanga ba ta kashe mallaka. Kangon da aka san sunan mai shi, aka san 'ya'yansa, gado ne, kuma kowace 'ya mace da kowane maraya suna da rabonsu a ciki tun ranar da mamacin ya cika. Rabon mai sayarwa kaɗai kuɗinka zai iya saye. Sauran kuwa, a mazhabar Malikiyya cinikinsa a rataye yake har sai masu shi sun yarda.

Ta biyu, wai mu ne maƙwabta, mu muka fi cancanta. Wannan haƙƙi shi ake kira shuf'a, kuma Hanafiyya ne suka ba maƙwabci shi. Imamu Malik ya yi riƙo da hadisin da ya taƙaita shuf'a ga abin da ba a raba ba, don haka ta abokin tarayya ce. Ka duba Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, za ka ga maƙwabci ba shi da ita. Ma'ana, 'yan'uwan wanda ya sayar maka su ne masu ikon mayar maka da kuɗinka su karɓe rabon ɗan'uwansu, kuma wanda ba ya gari haƙƙinsa yana nan komai daɗewar tafiyarsa. Hujjar da ka ɗauko, kai take sara.

Ta uku, wai mun shekara goma muna nomawa, kuma ga takarda. Hauzi yana aiki ne a kan mai haƙƙin da yake nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba. Yaron da bai balaga ba, da matar da aka ɓoye wa labari, wane shiru suka yi? Ita kuwa takarda, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da ita a karkara, amma hatimin ofis ba ya mayar da haram halal. A hadisin Ummu Salama, Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗin cewa wanda ya yanke wa hukunci da haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya baki, yankin wuta ya yankar masa. To ina ga takardar ƙaramar hukuma?

Ku dubi filin masallacin Madina. Akwai kangaye da dabinai a cikinsa, kuma mallakar marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Bukhari ya ruwaito cewa sun so su bayar kyauta, Annabi (SAW) ya ƙi karɓa har sai da ya saya. Don ɗakin Allah ke nan, balle don ƙarin kunya goma ta gero.

Ban ce sayen kango haramun ne ba. Raya shi alheri ne, domin kango matattarar macizai ce da ɓata-gari. Amma hanyar a fili take: a ƙidaya magada duka, maza da mata, a je gaban alƙali a raba gado, a sa waliyyi ya tsaya wa marayu, a yi kuɗi na gaskiya a gaban shaidu, a rubuta. Wanda ya ƙi sayarwa, a bar masa abinsa.

Wanda ya ga wannan ya yi masa tsawo, ya karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i, ya kuma tuna hadisin Sa'idu ɗan Zaidu a Bukhari da Muslim, cewa taƙi ɗaya na zalunci za a rataya wa mai shi a wuya har ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Wanda ya riga ya faɗa, ya nemi masu haƙƙi tun yana numfashi, kada ya bar wa 'ya'yansa gonar da za su ci haram a cikinta ba su sani ba.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.