Ƙidaya Ba Awo Ba Ce

 Ina so in yi magana a kan wata mas'ala da ta dame ni, watau yadda ake auna aikin malaman jami'a masu bincike a wannan zamani.

Dalilin maganata wani yaro ne da ya yi karatu a zaurena, yanzu yana koyarwa a wata jami'a. Ya zo gaishe ni, na tambaye shi labarin binciken da ya daɗe yana yi a kan cutar gero. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yanka shi gida uku, gama ba a ƙara wa mutum girma sai da yawan maƙalolin da ya buga." Na ce, "To, masu ƙarin girman suna karantawa?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ƙirgawa suke yi."

Ku sani, asalin wannan ƙidaya ba mugun nufi ba ne. A shekarar 1955 wani mutumin Amurka, Eugene Garfield, ya kawo shawara a yi rajista mai nuna wace maƙala ta ambaci wace, domin mai neman ilmi ya bi sawun mas'ala daga wannan malami zuwa wancan. Rajistar ta fito a 1964. Daga 1975 aka soma ba mujallu lamba, wadda ake nufin ta nuna nauyinsu. Ga yadda ake fitar da ita: in mujalla ta buga maƙala 200 cikin shekara biyu, aka ambace su sau 600 a shekara ta uku, lambarta 3 ke nan. An yi wannan ne domin a san mujallun da suka cancanci a tara, ba domin a auna mutum ba, kuma Garfield da kansa ya yi gargaɗi a kan haka. Sa'an nan a 2005 wani malamin kimiyya, Jorge Hirsch, ya ƙago lambar mutum ɗaya: wanda yake da maƙala 10, kowace an ambace ta sau 10 ko fiye, lambarsa 10.

To, ni abin da nake cewa, ƙidaya ba awo ba ce. Mudu yana cika da tsaba, yana cika da ƙaiƙayi, kuma mudu bai san bambanci ba. Ina da hujja uku.

Ta fari, aiki nagari yana iya kwana ba wanda ya ambace shi. Gregor Mendel ya buga bincikensa a kan gadon halitta a 1866, bayan ya yi shekaru yana barbarar waken ƙasarsu a garin Brno. Ya mutu a 1884 duniya ba ta san darajar aikin ba, sai a 1900 masu nazarin tsirrai uku suka tono shi. Yau shi ne tushen ilmin da ake gyara irin shuka da shi. Da masu ƙidaya ne alƙalansa, da sun ce bai yi kome ba.

Ta biyu, ƙarya tana iya samun ambato mai yawa. A 1998 mujallar likitoci ta The Lancet, wadda take cikin masu babbar lamba, ta buga wata maƙala a kan yara 12, wadda ta sa mutane suka zargi allurar rigakafin ƙyanda da jawo wata lalura ta ƙwaƙwalwa. Iyaye da yawa a Ingila suka hana 'ya'yansu allurar, ƙyanda ta komo. Sai a 2010 aka janye maƙalar, aka kuma soke sunan likitan daga rajistar likitoci. An ambace ta fiye da sau 1,000, da yawa domin ƙaryata ta, amma ƙidaya ba ta rarrabe yabo da zagi. Malamanmu na hadisi sun daɗe da raba abin da ya shahara a bakunan mutane da abin da ya inganta. Ashe abin da suka kiyaye, shi jami'o'i suka manta.

Ta uku, da zarar lamba ta zama ita ce abin nema, sai a buɗe kasuwarta. A 2013 wani marubuci, John Bohannon, ya shirya maƙalar ƙarya a kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi daga marubuta. Guda 157 suka karɓa. A 2023 kaɗai an janye maƙaloli fiye da 10,000 a duniya. Wannan shi ne amfanin gonar da aka shuka.

Kuma ku lura, a cikin mujalla ɗaya maƙaloli kaɗan ne suke kwashe mafi yawan ambato. Wanda ya yabi maƙala saboda lambar mujallarta, kamar wanda ya ce duk mai kwana a gidan attajiri attajiri ne. Sa'an nan mafi yawan abin da ke cikin rajistocin nan da Turanci yake. Malamin da ya rubuta wa manomi ko ungozoma da Hausa, ya amfane su, lissafin bai gan shi ba.

Wani zai ce, "Malam, in an bar lamba, sai son kai da sanayya su shigo." Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Ban ce a jefar da lamba ba. Na ce ta zama shaida, kada ta zama alƙali. Masu binciken da kansu sun faɗi haka: a taron San Francisco na 2012 sun yi kira a daina auna mutum da lambar mujalla, a 2015 kuma wasu suka fitar da ƙa'idodi 10 na Leiden, na farinsu shi ne lamba ta taimaki hukuncin masana. A Birtaniya ana sa kwamitin masana su karanta zaɓaɓɓun ayyuka, tun 2014 kuma ana tambayar amfanin da aikin ya yi wa jama'a. An ba wannan amfani kashi 20 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2021.

Saboda haka ina roƙon hukumomin jami'o'inmu abu uku. A ce wa mai neman girma ya kawo ayyukansa mafi kyau kaɗan, ba tuli ba. A ba masana na wata jami'a su karanta, su rubuta dalilin hukuncinsu. A tambaye shi wa ya amfana, da wane harshe aikin ya isa gare su.

Ku kuma almajirai, in an ce muku wane babban masani ne domin maƙalolinsa sun kai 100, ku ce, "Wace mas'ala ya warware?" Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Yaron nan na ce masa ya koma ya haɗa aikinsa wuri ɗaya, ko da girman zai jinkirta, gama manomin gero yana jiransa.