Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Abin da Ya Sa Masana'antu Ba Su Rabu da Igiyar Waya Ba

A wannan zamani da kusan kowane ɗalibi ke aika saƙo ta iska, mutane da yawa na ganin duk na'urar da ke buƙatar igiyar waya ta zama tsohon yayi. A ganina wannan ra'ayi kuskure ne, musamman idan ana maganar masana'antu. Hujjata ita ce wata 'yar ƙwayar lantarki wadda girmanta bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, wadda za mu kira ƙwayar aike-da-karɓa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san aikinta. A masana'anta akwai na'urar da ke sarrafa aiki, akwai kuma ƙananan na'urori masu auna zafi ko nauyi ko gudun inji. Da yawansu suna aika wa juna saƙo ne bi-da-bi, wato alamar sifili ko ɗaya tana bin 'yar'uwarta a kan layi guda. Sai dai alamar da ƙwaƙwalwar na'ura ke fitarwa ba ta da ƙarfin yin tafiya mai nisa. Ƙwayar aike-da-karɓa ita ce baki da kunnen na'urar: tana ƙarfafa saƙon da zai fita, tana kuma sauraron wanda zai shigo.

A shekarar 1960 ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta fitar da ƙa'idar RS-232, wadda ke haɗa na'urori biyu kacal a tazarar kimanin mita 15. A 1983 sai ta fitar da RS-485, wadda ke ɗaukar na'urori 32 a layi ɗaya, tana kuma kaiwa kimanin mita 1,200. Shekaru fiye da arba'in ke nan, amma har yau ana ƙera ƙwayoyin da ke bin wannan ƙa'ida. Akwai dalilai uku da suka sa nake ganin hakan daidai ne.

Dalili na farko shi ne juriya. Manyan injuna da na'urorin walda suna watsa hayaniyar lantarki wadda ke gurɓata saƙo. Dabarar RS-485 ita ce aika saƙo ta wayoyi biyu da aka tufke kamar igiya, idan ƙarfin lantarkin ɗaya ya hau sai na ɗayar ya sauka. Ƙwayar da ke karɓa bambancin da ke tsakaninsu kawai take dubawa. Tun da hayaniya kan faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida, bambancin ba ya canzawa, saƙo kuma ya isa lafiya.

Dalili na biyu shi ne ƙa'idar ba ta kamfani ɗaya ba ce. Ƙwayar SN75176 ta kamfanin Texas Instruments da MAX485 ta kamfanin Maxim kowacce ƙafa takwas gare ta, a jeri iri ɗaya, saboda haka mai gyara na iya cire wannan ya dasa waccan. Haka kuma tsarin magana na Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, yana tafiya a kan waɗannan wayoyi. Mu ɗaliban harshe za mu gane shi da sauri, domin tsari ne na karɓa-karɓa a zance: shugabar na'urori ta kira lambar wata, wadda aka kira ta amsa, sauran su yi shiru. Idan biyu suka yi magana lokaci guda, saƙon ya lalace.

Dalili na uku ya shafe mu kai tsaye. Inbata da batir na zamani da ake sakawa a gidaje masu amfani da hasken rana, da yawansu ta kafar RS-485 suke magana da juna, ko ta CAN wadda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986. Ta nan batir ke shaida wa inbata yawan cajin da ya rage da kuma yadda za a cika shi. Idan tsawa ta ƙona wannan 'yar ƙwaya, kayan da aka saya da tsada sai su daina fahimtar juna. Mai gyaran da ya san ƙwayar zai canza ta da kuɗi kaɗan, wanda bai sani ba kuwa zai ce a sayi sabon allo gaba ɗaya.

Masu suka suna da hujjoji biyu. Suna cewa tsarin ba shi da sauri, kuma gaskiya ne, domin gudunsa na raguwa yayin da waya ke ƙara tsawo. To amma saƙon masana'anta gajere ne, bai wuce "zafi ya kai kaza" ko "tsayar da inji" ba, abin da ake buƙata shi ne ya isa a kan lokaci. Hujja ta biyu ta fi nauyi: Modbus ba ya tambayar wane ne ya ba da umarni. A watan Janairun 2024 wasu masu kutse sun yi amfani da wannan rauni a birnin Libib na Yukiren, suka hana gine-gine fiye da 600 ɗumi har kusan kwana biyu ana tsakiyar sanyi. Sai dai ta hanyar intanet suka shiga, kuma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran da ake buƙata shi ne tsare ƙofar da ke haɗa masana'anta da intanet.

A ƙarshe, ina kira ga makarantunmu na koyon sana'a da su ba wannan fanni muhimmanci, domin ƙasar da ke shigo da injuna daga waje tana buƙatar masu gyaran da suka san yadda injunan ke magana. Kai kuma mai karatu, ranar da za ka sayi inbata da batir, ka tambayi mai sayarwa ko tsarin maganarsu ɗaya ne kafin ka biya kuɗi.