Makarantar Likitoci Ta Iso Maraɗi, Saura Likita Ya Iso Gangara

Kusan shekara arba'in, duk ɗan Nijar da ke son zama likita ba tare da ya ƙetare iyaka ba, hanya ɗaya gare shi: Yamai. Can aka buɗe makarantar koyon aikin lafiya a 1974, a jami'ar da daga baya aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni, kuma ita kaɗai ta yi ta yaye wa ƙasa likitoci. Yaron da ya ci jarrabawar bak a Agye ko Gidan Rumji sai ya share kilomita 600 ko fiye, ya nemi masauki a garin da bai san kowa ba, ya zauna shekara bakwai ko takwas. Wanda mahaifinsa ba ya ganin kuɗi sai da kaka, sau da yawa a nan burinsa yake tsayawa. Ta 'ya mace ba a ma magana. Iyaye nawa ne a ƙauye za su saki budurwa ta tafi wannan uwa duniya?

Shi ya sa waɗanda suka karya wannan ƙa'ida suka cancanci jinjina, kuma ba jinjinar fatar baki ba. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta Maraɗi, wadda yau take ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyya kuma tsohon ministan ilimi, ta samu sashen koyon aikin likita, haka ma ta Damagaram. Kafa irin wannan sashe ba kamar buɗe ajin karatun tarihi ba ne, inda allo da malami suka wadatar. Ana bukatar ɗakunan gwaji, da asibitin da ɗalibi zai tsaya bakin gadon majinyaci, da ƙwararrun da za su bar jin daɗin babban birni su zo su koyar. Malaman da suka amsa wannan kira, da likitocin babban asibitin jaha da na asibitin ƙwararru na Maraɗi da suke jan ɗalibai a bayansu suna zagayen safe, sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri. Yau akwai likitocin da suka fara karatu a Maraɗi suka gama a Maraɗi, abin da iyayenmu ba su gani ba.

Kuma an aje makarantar a inda ake kukanta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3.4 a jahar Maraɗi, binciken lafiya na wannan shekarar kuma ya nuna macen jahar tana haihuwar 'ya'ya takwas a matsakaicin lissafi. Ma'aunin da aka saba ambatawa shi ne likita ɗaya ga mutum 10,000. Nijar ba ta kai likita ɗaya ga mutum 20,000 ba, 'yan kaɗan ɗin da ake da su kuma sun fi taruwa a Yamai da manyan birane.

To, amma da sauran rina a kaba, kuma a Gangara ake ganinta. Ƙaramar hukuma ce ta manoma a gundumar Gazawa, kusa da iyakar Najeriya. A ce tsakiyar damina ce, dare ya raba, mace ta kwana ta wuni tana naƙuda a wani ƙauye. Unguwarzoma ta yi iya yinta. Aka shimfiɗa tabarma a amalanke, aka ɗaura shanu, aka bi yashi har ɗakin shan magani. Majo, malamin jinyar wurin, ya haska fitila, ya duba, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai an yi mata aiki. Ya rubuta takardar turawa gaba. Daga nan sai neman mota, da neman kuɗin mai, da addu'ar Allah ya sa mai yin fiɗar yana nan, kuma akwai jini. Ko kuma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini a watan Satumba, uwa ta buɗe tafin hannunsa ta ga ya yi fari fat. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, aikin fid da jariri ma kyauta ne a takarda. Sai dai kyauta ba ta riƙe wuƙar fiɗa. Cibiyar masu yoyon fitsari da aka buɗe a Danja a 2012 cike take da labarin matan da suka iso a makare.

Ga matar nan mai naƙuda, likitan da ya gama karatu a Maraɗi ya zauna a Maraɗi, ko ya buɗe asibitin kuɗi a Yamai, ko ya tsallaka waje, duk ɗaya ne da wanda ba a haifa ba. Ban ga laifin matashin ba. Ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya zauna jiran a ɗauke shi aiki. In an tura shi gunduma, ina gidan da zai sa iyalinsa? Ina wutar da za ta riƙe firjin jini? Wa zai tambaya in aiki ya cije masa da tsakar dare? Ƙasa ta kashe dukiya ta koyar da mutum, sannan ta bar shi yana yawo da takardu, wannan asara ce biyu.

Wasu ƙasashe sun sha wannan ruwa kafin mu. Japan ta kafa jami'ar likitoci ta Jichi a 1972: ana ɗauko ɗalibai daga kowace jaha, a ɗauke musu kuɗin karatu, su kuma su koma su yi wa jaharsu aiki shekara tara, har da ƙauyuka da tsibirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2010, ta jaddada cewa ɗalibin da ya tashi a karkara, ya kuma koyi aiki a karkara, shi ya fi zama a karkara. Ba sai mun kwafi kowa ba, amma abin a fili yake. A ware gurabe ga 'ya'yan makarantun Gazawa da Agye da Gidan Rumji, musamman 'yan mata, domin akwai matar da za ta ɓoye ciwonta shekara guda don kada namiji ya duba ta. Magadan gari da attajiranmu, waɗanda ba sa ƙyashin gina masallaci da biya wa mutane Makka, su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya-ɗaya bisa alkawarin zai dawo gida. Wannan ma sadaka ce mai gudana.

Ita kuma jami'a ta fitar da ɗalibanta daga birni. Mako biyu na leƙa-ka-dawo ba ya koyar da komai. Su yi watanni a asibitin gunduma na Agye da na Gidan Rumji, su ga lokacin da yara masu tamowa suke cika ɗaki kafin sabon hatsi ya nuna, su koyi fid da jariri da kayan da ke akwai, da malami a tsaye kusa da su. Su koyi tambayar majinyaci da harshensa. Tun da kundin tafiyar da mulki na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, abin kunya ne likita ya nemi tafinta a Gangara kafin ya gane tsohuwa tana nufin jiri ko tana nufin faɗuwar gaba.

Ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi, da shugabannin jami'ar Maraɗi, kun yi abin yabo, mun kuma yaba. Abin da muke roƙo yanzu ƙarami ne: duk shekarar da aka yaye likitoci, a fito a faɗa wa jama'a nawa ne aka ɗauka aiki, nawa aka tura gundumomi, nawa kuma suke can har yanzu bayan shekara uku. Mutanen Gangara suna da haƙƙin jin wannan lissafi.