BA ƘADDARA KE KARYA LAM BA

Ku shiga kowane gareji daga Tawa har Damagaram, za ku tarar da karyayyun lam jibge kamar itacen girki. Lam su ne ƙarafan nan da aka jera bisa juna, masu ɗauke da nauyin mota. In babban ya karye, ƙafa ta goce, mota ta bar hanya da mutane cikinta. Sai a ce ƙaddara. Ƙarya ne!

Abu biyu ke karya lam: ramin hanya da lodin zalunci. Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit. Wajen 1980 aka gama hanyar Tawa zuwa Arlit don a fitar da shi. Dukiya ta fita, aka bar mu da ramummuka. A 2005 ƙasashen UEMOA suka sa doka ta ƙayyade lodin manyan motoci. Amma wa bai ga kamiyon albasa ya taso daga Galmi yana rangaji ba?

Mai mota ba ya asara. Ya kai a liƙe da walda, alhali wuta ta kashe ƙarfin ƙarfen, sannan ya ƙara kuɗin mota. Talaka ke biya, wani lokaci da ransa.

Kowane reshe ya rubuta wuraren da hanyarsa ta mutu, ya kai wa hukuma. A auna lodi, a cike ramu!

Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai iya ba.