Amfanin Sanin Halayen Mutane

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci 'yan Adam Ya bambanta su a kamanni da harsuna da halaye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu tsaya a kan wani ilmi wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi ilmi ba, watau sanin halayen mutane da ɗabi'unsu. Sau da yawa mukan ji attajiri yana kukan yaronsa ya karya shi, ko shugaban ma'aikata yana kukan na ƙarƙashinsa sun ɓata aiki. In an bincika, sai a tarar ba kullum ne cin amana ya jawo haka ba. Sau tari an ɗora wa mutum kayan da ba irin nasa ba ne. An sa mai gaggawa tsaron lissafi, an sa miskili tarbar masu ciniki, an aiki mai kunya karɓo bashi. Asarar da ta biyo baya, wanda ya yi rabon aikin yana da kaso a cikin alhakinta.

Wanda ya karanta tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, zai ga yadda ya san sahabbansa ɗaya bayan ɗaya. Mutane sukan zo da tambaya iri guda, su nemi wasiyya, sai ya ba kowa amsar da ta dace da shi: wani a hana shi fushi, wani a umurce shi da yawan ambaton Allah. Malamai sun bayyana cewa yana duban halin mai tambaya ne, kamar yadda likita ke duban majinyaci.

Haka kuma wajen rabon aiki. Abu Zarri al-Gifari mutum ne da Annabi da kansa ya yaba wa gaskiyarsa, ga tsoron Allah, ga gudun duniya. Amma da ya nemi a ba shi mulki, sai Annabi ya nuna masa cewa yana da rauni ga wannan sha'ani, ya kuma gargaɗe shi kada ya shugabanci ko da mutum biyu, kada ya riƙe dukiyar maraya. Wannan yana cikin Sahihu Muslim. Halidu ɗan Walidu kuwa, a shekara ta 8 bayan Hijira, watanni kaɗan da musuluntarsa, shi ya karɓi tuta a yaƙin Mu'uta ya fid da rundunar Musulmi daga halaka. Zaidu ɗan Sabitu yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da natsuwa, sai aka sa shi rubutun wahayi da koyon rubutun Yahudawa, daga baya kuma Sayyidina Abubakar ya ɗora masa aikin tattara Alƙur'ani. To, mu lura da kyau: nagartar mutum daban, dacewarsa da wani aiki daban. Da yawan ibada ne kaɗai ma'auni, da ba a hana Abu Zarri ba.

Magabatanmu fatake sun san wannan. Ayarin da ke tafiya Gwanja sayen goro yana da madugu, da jagaba, da uban dawaki, kuma ba wanda ake ba ɗaya daga cikin waɗannan don dukiyarsa kawai, sai an ga yana da halin da aikin ke bukata.

Malaman Musulunci sun yi rubuce-rubuce a wannan fanni. Likitoci irin su Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, sun gaji ra'ayin Jalinusu na Yunanawa cewa jiki yana da ruwaye huɗu, jini da majina da safra'u da sauda'u, kuma wanda ya rinjaya shi ke sa mutum ya zama mai fara'a, ko mai sanyin jiki, ko mai zafin rai, ko mai yawan tunani. Ilmin likita na zamani ya bar wannan bayani, amma abin da suka lura da shi, cewa mutane iri-iri ne tun daga halitta, yana nan daram. Fahruddini ar-Razi ya wallafa littafi sukutum a kan firasa, watau gane ɓoyayyen hali ta alamun fili. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa firasa uku a cikin Madarijus Salikina: wadda ke zuwa daga hasken imani, da wadda ake samu ta horon rai, da wadda ake cirowa daga siffar jiki. Imamu Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumid Dini cewa malamin tarbiyya da ke yi wa almajiransa duka horo iri ɗaya kamar likita ne mai ba kowane majinyaci magani guda, ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa.

Turawa ma sun duƙufa a kan wannan bincike. A 1921 wani likitan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya fitar da littafi inda ya bambanta mai karkata ga shiga jama'a da mai karkata ga kaɗaici da tunani. A kan ra'ayinsa ne wata mata a Amurka, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers, suka gina gwajin tambayoyi mai kasa mutane gida 16, wanda kamfanoni da yawa suka yi amfani da shi. Sai dai masana sun soki wannan gwaji, domin mutum guda yakan yi shi yau ya faɗa wani gida, ya sake bayan 'yan makonni ya faɗa wani. Abin da masu bincike suka fi yarda da shi yanzu shi ne ma'aunai biyar: son sabon abu da bincike, kula da tsari da cika aiki, son cuɗanya da mutane, sauƙin kai da tausayi, da saurin damuwa. Kowane mutum yana da rabonsa a kowane ɗaya, wani da yawa wani kaɗan. An kuma gano cewa a cikin biyar ɗin, kula da tsari da cika alkawari shi ya fi tafiya tare da kyawun aiki a kusan kowace sana'a. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san matsayin amana a addini.

To, ta yaya za mu san halin mutum? An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mai shaida a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuwa harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya amsa babu ko ɗaya, sai Umar ya sanar da shi cewa bai san mutumin ba. Wannan ma'auni har gobe yana aiki. Kafin attajiri ya danƙa wa yaro mabuɗin kanti, ya fara gwada shi da ƙaramin aike, ya ga yadda yake dawo da canji. Kafin shugaban ofis ya rubuta rahoton shekara a kan ma'aikaci, ya duba shi a ranar da aiki ya yi yawa da ranar da aka yi masa gyara. Kafin uba ya ba da 'yarsa, ya tambayi waɗanda suka yi ciniki da manemin, ba waɗanda suka gan shi a sahun gaba kaɗai ba. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma akwai tarko uku da ya wajaba mu kiyaye. Na farko, kada a haɗa wannan ilmi da duba. Cewa wanda aka haifa a buruji kaza halinsa kaza ne, wannan camfi ne, ba shi da tushe a shari'a ko a bincike. Na biyu, kada a yanke wa mutum hukunci saboda garinsu ko ƙabilarsu ko siffar fuskarsa, domin wannan mummunan zato ne da aka hana mu, kuma ya sha hana masu cancanta haƙƙinsu a ofisoshi da kasuwanni. Na uku, kuma shi ya fi haɗari, kada mutum ya mai da halinsa mafaka, ya zagi iyalinsa ko ya wulaƙanta na ƙasa da shi sa'an nan ya ce haka Allah Ya yi shi. Gaskiya ne mukan ce hali zanen dutse, amma Gazali ya kafa hujja da cewa da hali ba ya gyaruwa, da wa'azi da tarbiyya ba su da amfani. Ba a neman a tumɓuke fushi daga zuciya, ana neman a sa masa linzami ne. Sayyidina Umar bai rabu da ƙarfin halinsa ba bayan ya musulunta, amma ya juya shi ya zama garkuwar masu rauni.

Saboda haka farkon wanda ya kamata kowannenmu ya karanta shi ne kansa. Mai zafin rai da ya san kansa ba zai sa hannu a takardar korar ma'aikaci ran da ya fusata ba, sai ya kwana. Mai taushin zuciya da ya san ba ya iya cewa a'a, sai ya wakilta wani ya riƙe masa littafin bashi. Mai gaggawa ya nemi abokin shawara mai natsuwa, kamar yadda taushin Abubakar da tsananin Umar suka taimaki juna. Mutum tara yake bai cika goma ba, ɗan'uwansa ne ke cika shi.

Allah Ya sanar da mu aibin kanmu, Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata halittarmu, Ya ba mu ikon sa kowa a inda ya dace. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.