Raddi Ga Mai Cewa Humaira Tana Nufin 'Yar Jaka

Wani mai wa'azi ya tsaya a wajen walimar suna ya ce duk wanda ya kira 'yarsa Humaira ya zage ta. Na ga fuskar uban jaririyar ta canza, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Hujjarsa ta farko: wai sunan ƙanƙantawa ne na himara, wato jaka. A nan ya haɗa kalmomi biyu da ilimin sarfu ya raba. Idan aka ƙanƙanta himara, abin da ke fitowa shi ne humayyira, da shadda a kan ya'un, da ta'u a ƙarshe. Humaira'u kuwa daga hamra'u take, wato ja, da alifi mai madda da hamza. Rubutun boko ne ya haɗiye maddar da hamzar, wasu kuma suka ƙara "h" a ƙarshe, sai ruɗani ya samu ƙofa. Ibnul Asir, wanda ya rasu a shekara ta 606 bayan hijira, ya bayyana a cikin Annihaya cewa ana nufin fara. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, domin mu ma mai hasken fata ja muke ce masa, har muna da Jatau.

Ta biyu: wai babu hadisin da ya inganta da wannan laƙabi na Nana A'isha. Ibnul Ƙayyim ya faɗi haka a Almanarul Munif, kuma gaskiya ne ruwayar da ke cewa a karɓi rabin addini daga Humaira ba ta da asali. Amma mai wa'azin ya tsaya a rabin hanya. Nasa'i ya kawo a Sunanul Kubra labarin ranar da Habashawa ke wasa a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya kira Nana A'isha da wannan suna ya tambaye ta ko tana son kallo. Ibnu Hajar ya inganta isnadinsa a Fathul Bari.

A ce ma bai inganta ba. Tun yaushe aka shardanta wa suna hadisi? Abin da shari'a ta hana shi ne mummunar ma'ana.

Ta uku: wai yayi ne na zamani. Yawaitarsa sabuwa ce, na yarda. Amma aikin da yake yi tsoho ne: alkunya. Wanda ya mayar da sunan mahaifiyarsa A'isha ba zai iya kiransa gatsal ba. Kakanninmu Indo da Shatu suka ce, 'ya'yanmu suka ce Humaira.